Kumfar tare zafi a Maraɗi: rufi ne ya fi cancantar kuɗinka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gini a unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi, ginin bulo ne da rufin kwano, ɗaki huɗu da falo. Wani ya kawo mini maganar kumfar nan da ake fesawa, ya ce a feshe rufi da bango gaba ɗaya, gida zai yi sanyi kuma kuɗin wuta zai ragu. Ɗaki biyu kawai nake da niyyar sa wa kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. Abin ya kai kuɗinsa? Kuma wace iri ya kamata in zaɓa?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama lafiya, ya sa gidan zama ne mai albarka.

Kumfar tana aiki, wannan ba gardama. Na daɗe ina aikin gini da haɗa ɗakunan sanyi, kuma duk ɗakin sanyin da ka taɓa shiga, bangonsa wannan kumfa ce a tsakanin falle biyu na ƙarfe. Firij ɗin gidanka ma ita ce a cikinsa. Inda ban yarda da mutumin naka ba shi ne cewa a feshe ko'ina. A garinmu zafi ta sama yake shigowa, can ya kamata kuɗinka ya tafi, bango kuwa sai an zaɓa.

Yawancin abin da ake rubutawa a intanet game da wannan kumfa don ƙasashen sanyi aka rubuta shi, Faransa da Kanada da Amurka, inda damuwar mai gida ita ce kada ɗumin da ya saya da kuɗinsa ya tsere waje. Su dole su lulluɓe gida duka, don sanyi ta kowace kusurwa yake kewaye su. Mu abokiyar gabarmu rana ce, kuma mun san inda take tsayawa. Maraɗi na kusan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa wajen ƙarshen Afrilu rana kan tsaya cak a tsakar ka da tsakar rana, daidai lokacin da iska kanta ta haura digiri 40. A irin wannan lokaci kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar kusan wat 1,000 na hasken rana. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi, wat 16,000 ke nan suke sauka a kansa, alhali kilim mai doki ɗaya da rabi abin da yake iya fitarwa bai wuce wat 3,500 ba. Ba duka ne ke shiga ɗaki ba, amma kwano kan kai digiri 70 ko fiye, iskar da ke tsakaninsa da silin kuma ta kai wajen 60.

Ga lissafin da nake yi wa masu gida, kuma ƙiyasi ne, amma ba ya nisa da gaskiya. Mu ce cikin silin digiri 60 ne, kai kuma kana son ɗaki ya tsaya a 25. In silin ɗin falle ɗaya ne na katako siriri, zafin da ke ratsowa cikin wancan ɗaki mai murabba'in mita 16 ya kusa wat 1,900. Fiye da rabin ƙarfin kilim ɗinka ya tafi a yaƙi da silin kaɗai, ba a zo maganar bango da taga da mutanen da ke ciki ba. Ka shimfiɗa kumfa mai kyau mai kaurin santimita 5 a kan wannan silin, sai ya sauko wajen wat 240. Ka ƙara wasu santimita 5 su zama 10, sai ya koma wajen 130. Ka lura da wannan sosai: santimita 5 na farko sun cire maka fiye da wat 1,600, na biyun kuwa 110 kawai suka ƙara cirewa, kuma kuɗinsu ɗaya ne. Duk wanda ya ce maka sai an yi kauri fiye da kima, kayansa yake son sayarwa.

Kumfar kanta iri-iri ce, kuma a nan ake yawan cutar mutane. Wadda ake fesawa sunanta foliyuretan. Ruwa biyu ne a duro biyu, injin yana haɗa su a bakin bindigar fesawa, su kumbura cikin daƙiƙoƙi su daskare. Tana da kashi biyu. Akwai mai buɗaɗɗen ƙwaya, laushi gare ta kamar soso, mara nauyi, wajen kilo 8 zuwa 10 a kowace mita mai tsawo da faɗi da zurfi, kuma tana shan ruwa. Akwai mai rufaffen ƙwaya, tauri gare ta, nauyinta kilo 30 zuwa 45, ba ta shan ruwa sai kaɗan, kuma santimita 5 nata sun kusa yin aikin santimita 8 na waccan. Bayan su akwai wadda ke zuwa a falle, folistiren. Farar nan mai ƙwaya-ƙwaya irin ta cikin kwalin sabon talabijin, ita ake rubuta wa EPS. Mai santsi mai launi, shuɗiya ko ruwan hoda ko rawaya, ita ce XPS, ta fi tauri kuma ba ta damu da ruwa ba. Santimita 10 na farar EPS suna yin aikin da ya ɗan fi na santimita 5 na fesawa mai rufaffen ƙwaya: a lissafinmu na ɗazu wajen wat 190 ne zai ratso.

A gida irin naka, da ni ne, fallen EPS zan shimfiɗa a saman silin, santimita 8 zuwa 10, falle biyu a haɗa su yadda bakin na sama ba zai dace da bakin na ƙasa ba, a cike gefe-gefe da kumfar gwangwani. Dalilina uku ne. Faɗin silin bai kai faɗin kwano ba, don haka kaya kaɗan za ka saya. Kafintan da ya yi maka silin zai iya wannan aikin ba tare da an ɗauko inji da ƙwararru daga Yamai ko Kano ba. Sannan ranar da kwano ya yi yoyo, kana iya hawa ka ɗaga falle ka ga inda ruwa ke shigowa. Sharaɗi ɗaya dai, kada fallen ya taɓa kwano. Folistiren yana fara laushi da lanƙwashewa in zafi ya kusa digiri 80, kwanonmu kuma yana leƙa wannan iyaka a watan Afrilu da Mayu. A bar sarari a tsakani, a kuma bar wa sararin ƙofofin shan iska a ɓangare biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga saboda tsuntsu da jemage. Maginanmu sun saba toshe bakin kwano da siminti ƙam don gudun iskar farkon damina, kuma tsoronsu na da tushe, duk wanda ya ga yadda guguwar watan Yuni ke yaye rufi ba zai raina shi ba. Amma maganin wannan a ɗaure kwano da kyau ne a jikin gini, a bar ƴan ƙananan ramuka a saman bango ta gefen da ruwa bai cika bugowa ba.

Fesawa kai tsaye a ƙarƙashin kwano tana da wurinta. Shago, sito, gidan kaji, masallacin da ba a yi wa silin ba, a nan ta fi kowa, kuma tana rage ƙarar ruwan sama da shigar ƙura. In can za ka, mai rufaffen ƙwaya kaɗai, santimita 4 zuwa 5. Mai buɗaɗɗen ƙwaya in ruwa ya ɗigo ta ramin ƙusa sai ta sha ta riƙe, kwano ya riƙa tsatsa ta ciki ba ka sani ba. Ko mai rufaffen ma tana ɓoye yoyo, ruwa ya bi ta wani wuri ya fito nesa da inda ya shiga, kuma canza falle ɗaya na kwano bayan an fesa aiki ne ja. Don haka kafin a fesa sai an bi ƙusa ɗaya bayan ɗaya, an ga damina ɗaya ta wuce ba ɗigo.

Na taɓa ganin aikin da aka fesa wa wani sito a tsakiyar hunturu, ba a wanke cikin kwanon ba. Ƙurar da ta kwanta ta hana kumfar kama ƙarfe. Kafin bazara ta ƙare ta fara saki tana reto kamar tsohuwar tabarma, mai siton ya yi asarar kuɗinsa duka. Abin ya daɗe yana damuna, don ni na ba shi shawarar kumfar, ban tsaya a kan aikin ba. Tun daga ranar ba na barin a fesa sai na shafa tafin hannuna a jikin kwano na ga ba ƙura, ba maiƙo, ba laima.

In an zo yi maka aikin fesawa, akwai gwajin da za ka yi da hannunka. Ka sa su fesa a kan kwali, ka yanko gunduwa mai santimita 10 ta kowane ɓangare, ka kai wa mai ƙaramin sikeli. Mai rufaffen ƙwaya za ta yi giram 30 zuwa 45. In ta yi giram 10 ko 15, ba abin da ka biya aka kawo maka ba. Ka danna ta da babban yatsa, ta kirki ba ta lotsawa da sauƙi. Bayan sun gama, ka ɗauki ƙusa ko waya ka tsira a wurare da yawa ka auna kaurin, musamman lungu da bayan ƙarfe inda hannu ba ya kaiwa. Ka duba durorin ma. Ruwan nan yana da wa'adi na watanni, kuma zafi na lalata shi. Duron da ya yi makonni a bayan mota ko a filin kasuwa cikin rana zai ba ka kumfar da ke ƙanƙancewa bayan ta bushe, ko mai warin da ba ya fita. Ciniki kuma a yi shi a kan murabba'in mita da kauri da nauyi, a rubuta a takarda. Kada ka yarda da cinikin "rufi gaba ɗaya kaza".

Yanzu maganar da ta fi kuɗi muhimmanci, wato wuta. Duk waɗannan kumfa daga man fetur aka samo su, kuma duk suna ci da wuta, har da waɗanda aka sa wa maganin rage kamawa. Foliyuretan in ya kama yana fitar da hayaƙi mai guba da ke kashe mutum kafin harshen wutar ya iso gare shi. Gobarar dogon benen Girenfel a Landan a watan Yunin 2017, wadda ta ci rayuka 72, kayan da aka lulluɓe bangon waje da su ne suka kai wutar sama, kuma akwai kumfar tare zafi a cikinsu. Saboda haka kada a bar kumfa a fili a ɗakin da mutane ke kwana. A sa wani abu mara cin wuta tsakaninta da ɗaki, silin na farar ƙasar fulasta mai kaurin milimita 12 ko yaɓen siminti. Silin ɗin roba da ya cika kasuwa yanzu ba kariya ba ne, shi ma narkewa yake. Duk aikin walda na ƙarfen rufi a gama shi kafin kumfa ta shigo gidan, kuma nan gaba in za a hau gyara ka faɗa wa mai walda abin da ke ciki. Wayar lantarki a bi da ita cikin bututu, a ɗora ta sama da kumfar, kada a binne ta a ciki. Wayar da aka lulluɓe ba ta iya fitar da zafinta, sannan folistiren in ya daɗe yana taɓa robar waya yana busar da ita har ta tsattsage. Saman kicin kuwa ba na sa kumfa ko kaɗan. Audugar gilashi nake sawa, ba ta ci da wuta, kuma aikinta ya yi daidai da na farar EPS in kauri ɗaya ne. Ranar fesawa, iyali su bar gidan aƙalla awa 24, a buɗe ko'ina. Ɗaya daga cikin ruwan biyu yana haddasa asma, mai fesawa kansa sai da abin rufe fuska na gaske, ba ƙyalle ba. Kuma ina roƙonka, kada wani ya ba ka shawarar cusa guntayen soson katifa a silin don araha. Wannan tara makamashi ne a saman kan ƴaƴanka.

Sai bango. Bangon kudu da na arewa a Maraɗi rana ba ta cika dukansu kai tsaye a lokacin bazara ba, tunda ta bisa take wucewa. Na gabas yana shan ta safe, lokacin da gari bai gama zafi ba. Mugun shi ne na yamma. Daga azahar har faɗuwar rana yana sha, bulo ya tara zafin, sai bayan isha ya fara sake shi cikin ɗaki. Shi ya sa za ka ga mutum ya jingina da bango ƙarfe 11 na dare ya ji kamar gefen tanda. Bulon siminti mai rami na santimita 20 ba ya tare zafi sosai, santimita 1 na kumfa mai kyau ya fi shi. In za ka sa wa bango kumfa, wannan na yamman za ka sa wa, kuma ta waje, don kada bulon ya sha zafin tun farko: a manna fallen EPS santimita 5, a ɗaure shi, a sa raga, a yaɓe. Hasken rana na cin kumfa in an bar ta tsirara, ta yi rawaya ta riƙa dagargajewa, don haka yaɓen dole ne. Kada fallen ya sauka har ƙasa. Gara ba ta cin kumfa a matsayin abinci, amma tana son ta don hanya, ta haƙa rami a ciki ta hau har katakon rufi ba ka ga shurinta ba. A bar kamar tazarar taƙi ɗaya daga ƙasa a fili inda ido zai gani. Kafin duk wannan ma, ka duba ko baranda ko rumfa ko bishiyar bedi biyu a yammacin gidan ba za su yi maka aikin ba. Bangon da rana ba ta taɓa ba, ba ya buƙatar kumfa sosai.

Sa kumfa ta ciki yana da amfani a wuri ɗaya, kuma ya shafe ka: ɗakin kwanan da ba a kunna kilim sai dare. In bangon yamma na wannan ɗaki na da kumfa ta ciki, an rufe ta da fulasta, kilim ba zai ɓata awa biyu yana sanyaya bulo mai zafi ba, iskar ɗaki kawai zai sanyaya. Ga wanda ginin laka gare shi kuwa, don na san wasu masu karatu za su tambaya, kada ka kusanci bangonka da kumfa mai rufaffen ƙwaya. Laka tana shan laima da damina tana fitar da ita da rani, in ka toshe mata hanya gindin bangon ne zai ruɓe. Bangon laka mai kauri ma ya riga ya yi rabin aikin, yana jinkirta zafin rana har gari ya yi sanyi. Soron kakanninmu da azarar giginya da ƙasa mai kauri a sama kan wannan hikima aka gina shi, kwano ne ya zo ya ɓata lissafin. Wanda kuma ya zuba dal, wato rufin kankare, tasa kumfar a sama take, XPS a kan abin hana yoyo, a danne da tsakuwa ko tayil. In ya sa ta ƙasa, kankaren zai ci gaba da gasuwa yana buɗewa yana tsukewa har ya tsage.

Ka ce ɗaki biyu kawai za su sami kilim, to ga gaskiyar sauran. Kumfa ba ta ƙirƙirar sanyi. Kamar kular abinci take, ka zuba ƙanƙara ta riƙe sanyi, ka zuba tuwo ta riƙe zafi. A ɗakunan da fanka ce kawai, kumfar silin za ta raba ka da wannan zafin da ke dukan ƙeya daga sama da rana, kuma za ka ji bambanci ƙwarai, amma kuɗin wuta ba zai ragu a can ba, don fanka abin da take ci ba ya canzawa. Sannan da dare zafin da ya shiga ba zai iya fita ta sama ba kamar yadda yake fita ta kwano tsirara. Dole a juya al'ada: tagogi a rufe daga hantsi, a buɗe su bayan isha har asuba, kuma a yi tagogin suna kallon juna don iska ta ratsa. Ragin kuɗi na gaske a ɗakunan kilim biyun nan yake. Can ne injin zai riƙa hutawa, wataƙila ma ƙaramin kilim ya ishe ka maimakon babba. Akwai wata riba da ba ta fitowa a takardar kamfanin wuta na NIGELEC. Wutar yankinmu ta layin Katsina take shigowa, kuma duk mun tuna abin da aka sha bayan Najeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023. Ɗakin da ke riƙe sanyi yana ɗaukar ka awa ɗaya ko biyu bayan an ɗauke wuta, kuma in ka koma sola, duk wat ɗin da ka hana shiga ta silin faranti ne da batir da ba sai ka saya ba.

Tunda ba ka gama ginin ba, akwai abu biyu masu araha da za ka fara yi tun yanzu. Ka zaɓi kwano fari ko mai haske, ka bar ja da shuɗi mai duhu komai kyansu a ido, don farin fenti sabo yana mayar da wajen kashi 70 cikin 100 na hasken rana, ko da yake ƙurar hunturu na rage shi sai ruwan farko ya wanke. Sannan lokacin da ake buga kwano a shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashinsa, fuskar mai ƙyallin tana kallon ƙasa inda ƙura ba ta kwanciya, da sarari na aƙalla yatsa biyu a gabanta. Bayan an buga kwano wannan aikin yana wuya, yanzu kuwa na yini ɗaya ne. Ka kuma ce wa kafinta ya bar ƙofar hawa silin mai faɗin da falle zai shiga, ya ƙarfafa katakon yadda mutum zai taka. In kuɗi bai kai a yi gidan duka a lokaci ɗaya ba, ka fara da silin ɗakunan kilim biyu da bangon da ke raba cikin silin ɗinsu da na sauran, ka toshe ƙasan ƙofofinsu da gefen tagogi, sauran ɗakunan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin watan Maris ya kama.